Darussan da na koya a Puttur, garin manoman areka

A ajin tattalin arzikin noma, lissafinmu yakan tsaya ne a bakin gona: kadada nawa, taki buhu nawa, amfani tan nawa. Ragowar karatun a Puttur na yi shi, lokacin da makarantarmu ta tura mu aikin sanin makama. Gari ne a gundumar Dakshina Kannada ta jihar Karnataka, kudu maso yammacin Indiya, tafiyar kilomita 50 da ɗoriya daga Mangaluru ta bakin teku. A kasuwa da cikin gidaje Tulu ake yi, harshen da ƙidayar 2011 ta nuna masu shi sun kai kusan miliyan 1.8, a ofis da makaranta kuwa Kannada. Musulmin yankin, waɗanda ake kira Beary, suna da nasu harshen, kuma da yawansu fataken amfanin gona ne. A masallatansu na riƙa yin Juma'a.

Arzikin garin a kan bishiya guda ya ɗoru, wato areka. Siririya ce, doguwa, dangin kwakwa da dabino. Ƙwayarta ake taunawa da ganyen betel, kuma matsayinta a wurinsu kamar na goro ne a wurinmu: ba a neman aure ko tarbar babban baƙo ba tare da ita ba.

Abin da ya fara kama hankalina shi ne yadda gona ɗaya take ɗaukar amfani hawa-hawa. Areka ce a can sama. Masoro ya nannaɗe gindinta yana hawa. A inuwarta ga koko, ga ayaba, a gefen gona ga kwakwa. Manomin da aka haɗa mu da shi, dattijo mai eka kaɗan, ya ce idan farashin ɗaya ya faɗi, ɗayan zai riƙe tukunya. Wahalar aikin ma ba kaɗan ba ce. Ruwan sama a yankin yana kusantar milimita 4,000 a shekara, galibinsa daga Yuni zuwa Satumba, kuma wannan danshi ne yake kawo cutar da suke kira koleroga, mai ruɓar da 'ya'yan tun suna ɗanye su zube. Maganinta feshi ne da wani shuɗin ruwa, haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa, kuma sai an kai shi har kan nonon. Na tsaya ƙarƙashin bishiya ina kallon mai hawa. Ya zura ƙafafunsa a zoben igiya, ya haye kamar ana jansa, ya ɗaure wani ɗan katako ya zauna a kai. Da ya gama da wannan, sai ya miƙa ƙugiya ya jawo ta kusa, ya tsallaka a can sama ba tare da ya sauko ba. Masu wannan sana'a suna raguwa, matasa sun fi son aikin birni ko ƙasashen Larabawa, shi ya sa manomi kan yi ta jiran layi ruwa na zuba, 'ya'ya na zuba.

Bayan girbi ake shanya 'ya'yan a tsakar gida, jajaye-jajaye, har fiye da wata guda ana juya su. Dattijon ya ɗauki ɗaya ya kaɗa a kunnena. In ƙwayar ta yi ƙara a ciki, ta bushe ke nan. Daga nan mata su zauna a kan wani katako mai lanƙwasasshiyar wuƙa a kafe, suna ɓare ɓawo. Wannan farar ƙwaya ita ce chali. A nan ne babban darasin ya same ni: chali da ta kwana shekara ta fi sabuwa tsada. Ke nan wanda ya iya riƙe kayansa shi ke cin riba, wanda bashi ya shaƙe kuwa ya sayar da arha a kaka. Tambayar da ya kamata ɗalibin noma ya riƙa yi ita ce: me zai ba ƙaramin manomi ƙarfin jira?

Mutanen Puttur sun daɗe da wannan tambaya a ka. Yankin ya bi ta hannun sarakunan Vijayanagara, Haidar Ali da ɗansa Tipu Sultan suka riƙe bakin tekun, sannan Turawan Ingila suka karɓe shi a 1799. A 1834 aka yanke Puttur da Sullia daga ƙasar Kodagu aka haɗa su da lardin Kanara, aka kuma ce harajin da manoma suka saba biya da amfanin gona yanzu da tsabar kuɗi za a biya. Manomin da ake nema da kuɗi a rana ƙayyadajjiya ba shi da bakin ciniki, abin da ɗan kasuwa ya taya shi zai sallama. A 1837 manoman Sullia suka tashi, suka biyo ta Puttur har Mangaluru, suka riƙe garin kwana 13 kafin a murƙushe su. Malaminmu ya so mu karanta wannan a matsayin tarihin siyasa. Ni dai tarihin farashi na gani a ciki.

Amsar da ta ɗore ba da makami ta zo ba. Tun farkon ƙarni na 20 wani lauya, Molahalli Shiva Rao, ya riƙa kafa ƙungiyoyin gama-kai a Puttur da ƙauyukanta, don manomi ya samu rance ba a hannun mai cin riba ba. Gyaran dokar filaye na 1974 ya mallaka wa 'yan haya da yawa gonakin da suke nomawa. Da farashin areka ya rushe a farkon shekarun 1970, manoma ƙarƙashin jagorancin Varanashi Subraya Bhat suka kafa CAMPCO, ƙungiyar gama-kai ta saye da sayar da areka, a 1973, da goyon bayan gwamnatocin Karnataka da Kerala. Na yini a ɗaya daga rassanta ina kallo. Manomi ya zo da buhu biyu a bayan babur mai ƙafa uku, aka zazzage, aka tantance daraja, aka ɗora a sikeli yana gani. Farashin ranar a rubuce yake, jaridun garin ma suna buga shi. Fatake na nan suna saye, ba wanda ya kore su, sai dai ba su isa su taya ƙasa sosai da abin da ƙungiya ke biya ba.

Labarin koko ya fi taɓa ni. An kwaɗaitar da manoma su dasa shi a inuwar areka, suka dasa. Da farashinsa ya faɗi a duniya wajen 1980, manyan masu saye suka janye, aka bar su da kaya a hannu, wasu har suka fara sare bishiyoyin. Ƙungiyar ta shiga saye, sannan a 1986 ta buɗe masana'antar cakulan a nan Puttur. Ranar da aka zaga da mu, ƙamshin gasasshen koko tun daga ƙofa yake tarbar mutum. Abin da na kasa cirewa a raina shi ne masu injinan nan su ne mutanen da na gani da laka a ƙafa.

Sauran abubuwan garin ma kusa da manomi suke. Akwai tashar jirgin ƙasa ta Kabaka Puttur a kan layin Mangaluru zuwa Bengaluru, da asibitoci, da kwalejoji irin St. Philomena da aka kafa a 1958, da Balavana, gidan da marubuci Shivaram Karanth ya zauna shekaru masu yawa. A tsakiyar gari ga tsohon wurin bautar Mahalingeshwara, wanda bikinsa na watan Afrilu yake cika Puttur maƙil. A filin da ke gabansa ake yin kambala, tseren ɓauna bibbiyu a cikin laka, wasan da ya samo asali daga gonakin shinkafa. Duk tsadar ƙasa a tsakiyar gari, wannan fili yana nan ba a yanka shi fuloti ba, kuma na girmama su a kan haka. A ƙauyukan kan tudu kuma na ga suranga, ramin da ake haƙawa a kwance cikin marmara har a tarar da jijiyar ruwa, ruwan ya gangaro gona ba inji ba mai. Amai Mahalinga Naik, wanda ya raya busasshen tudu da irin wannan haƙa shi kaɗai, ya samu Padma Shri, lambar yabo ta gwamnatin Indiya, a 2022.

Akwai abin da ya dame ni, kuma ba zan rufe shi ba. Hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa da ƙasa ta sanya ƙwayar areka cikin abubuwan da ke haddasa dajin baki. Garin da na ƙaunata yana cin abinci ne daga abin da ke cutar da wasu. Manoman ba su son zancen, kuma na fahimce su, domin kuɗin makarantar 'ya'yansu ne. Ga kuma cutar rawayar ganye da ta cinye gonaki a wajen Sullia. Koko da masoro da roba suna rage dogaron, amma har yanzu areka ce uwar gida.

Wuri na ƙarshe da muka yi aiki shi ne cibiyar binciken yazawa ta ƙasar Indiya, wadda ita ma a 1986 aka kafa ta a Puttur. A can na koyi auren dashe: a tsaga kan ƙaramin tsiro, a fiƙe reshen iri mai kyau a cusa, a naɗe da leda. Wani ma'aikaci da ya ji daga Najeriya nake ya ce ai masana'antun yankinsu ba su samun isasshiyar yazawar gida, da ɗanyar Afirka ta Yamma suke cike giɓi. Wato yazawar da manomin Kogi ya sayar a buhu tana iya ƙetare teku a fasa ta a nan, a gasa, a tantance, a zuba a leda da sunan wani. Da na koma rubuta rahoton ƙarshen zango, sai na sauya masa kai gaba ɗaya, na mayar da shi kan rumbun ajiya na ƙungiya da rancen da ake ba manomi a kan kayan da ya ajiye.