Yau saura ƙiris yarona ya ƙona mana shago

Talata. Zafin Kano a watan nan sai dai addu'a, tun ƙarfe tara rigata ta jiƙe sharkaf.

Da safe wata Hajiya mai sana'ar zoɓo da kunun aya ta aiko da firji a adaidaita sahu, wai kwamfaresa, wato injin firjin, tana ta aiki amma babu sanyi, jiya kayanta duk sun yi tsami. Na kunna, na taɓa bayan firjin, na saurara, na ce wannan toshewa ce a siririn bututun nan, kafilari. Na fita amsa waya, wallahi ko minti biyar ban yi ba, dawowar da zan yi sai ga yarona ya jawo kan walda, ashana a hannu, wai zai narka ya cire filta. Tsawar da na daka masa har mai shayin gefenmu sai da ya leƙo.

Na ce zo nan, karanta min abin da ke jikin kwamfaresar. R600a, wato irin gas ɗin sanyin da ke cikin firjin, ga kuma hoton harshen wuta ɓaro-ɓaro a gefe. Ya ce "Oga ai na sa geji, ba komai a ciki." To nan gizo ke saƙa, in kafilari ya toshe gas ɗin yana can maƙale a ɗaya ɓangaren, wajen kwandensa mai fitar da zafi, gejin auna gas da ya sa ta ɓangaren zuƙa ba zai nuna masa ba, ga wanda ya shige cikin man kwamfaresa yana fita a hankali.

Gaskiya ban ga laifinsa sosai ba, hannuna ya gani. Mu da gas ɗin R12 muka koyi aiki, aka hana shi saboda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Montreal ta 1987, muka koma R134a, duk ba sa kamawa da wuta haka nan, shi ya sa muka saba da sa wuta kai tsaye. Shi kuwa R600a ɗan'uwan gas ɗin girki ne, kuma ba a sa masa warin nan da ke tona asirin na girki, ya fi iska nauyi, kwanciya yake a ƙasa, ga rishon mai shayi taku uku daga ƙofarmu.

Muka fito da firjin fili, nesa da kwata da janareto, na cire fulogi, na yanke bututun da kota, abin yankan bututu, maimakon wuta, muka bar gas ɗin ya fice, muka zuƙe sauran, na bi da iskar naitirojin ta kore ragowar sannan na yarda aka kunna walda. Na sake ja masa kunne kan masu gwada yoyo da iskar oksijin, ta haɗu da man kwamfaresa fashewa ce, da masu ɗura gas ɗin girki don araha. Wajen ɗuri ma sikeli na ɗauko, takardar jikin firjin ta ce giram 55, abu kaɗan haka ba a yi masa kintace da taɓa bututu.

Hajiya ta kira sau uku, "Malam, wancan mai gyaran awa ɗaya yake yi fa." Na ce ta yi haƙuri zuwa la'asar.

Sai da ya fara sanyi Nepa suka ɗauke wuta, dole firjin ya kwana a shago. Naitirojin ma ya kusa ƙarewa, gobe in Allah ya kai mu sai na leƙa Sabon Gari.