Mun kwana cikin mota a Blue Spring don ganin ayu

Masu tambayata a kan tafiyar da muka yi Blue Spring da irin motar nan mai gado da kicin a ciki, wai shin kuɗin hayar ya biya, to bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta.

Wurin yana Orange City ne a jihar Fulorida ta Amurka, daga Orlando bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Idon ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa ta cikin dutsen farar ƙasa, yana fitar da galan kusan miliyan 100 a rana, ya gangara ya faɗa kogin St. Johns. Ruwan garau, kana tsaye a sama kana ganin kifi da yashin ƙasa. Wanda ya taɓa shiga Wikki a Yankari zai gane irin abin, sai dai Wikki ɗumi gare shi wajen digiri 31, wannan kuwa 22 ne rani da damina baya canzawa.

To wannan 22 ɗin shi ne duk labarin. Ayu duk girman nan nasa baya jure sanyi, in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 ya daɗe a ciki ciwo yake kama shi har ya mutu, shi ya sa da hunturu ya kama kogin ya yi sanyi sai su ɗunguma su shigo idon ruwan su kwanta. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Maris an hana wanka gaba ɗaya saboda su. Wato zaɓi biyu ne, ko ka zo da zafi ka yi iyo ko ka zo da sanyi ka ga ayu, bazaka haɗa biyun ba, kuma ka faɗa wa yara tun daga gida kar su saka ran wanka su ishe ka da kuka a hanya. Mu ayu muka je gani, a watan Janairu.

Amfanin motar a nan yake. Ana buɗe get ƙarfe 8 na safe, kuma a lokacin sanyi wurin cika yake da wuri su rufe, motoci su yi layi a titi ana jiran wani ya fita kafin wani ya shiga. Mu da muka kwana da motarmu a cikin wurin muna idar da asuba muka sha shayi, gari na wayewa muka taka da ƙafa zuwa gadar katakon da ke bin gefen ruwan, ba kowa sai mu da wasu tsofaffi biyu masu kyamara. Kuma da safen ne suke da yawa, don ba ciyawar kirki a cikin idon ruwan, rana na ɗagawa sai su fara sulalewa kogi neman abinci, wanda ya iso da azahar ragowa kawai yake tararwa.

Wallahi ban zaci yawansu ya kai haka ba, sun kwanta jere a ƙasan ruwa tururi na tashi a samansu, can sai ka ji fuuu ɗaya ya leƙo da hanci ya shaƙi iska ya koma, uwa da ɗanta manne a gefe. Da yawansu akwai tabon farfelar jirgin ruwa a baya, da tabon ne ma masu ƙidaya suke gane kowanne. A 1970 guda 14 aka ƙirga a wurin, a 1972 jiha ta maida shi gandu, ranar 21 ga Janairu 2024 aka ƙirga 932. Maiɗakina ta ce ashe dai wannan ne ayun da ake ta sayar da mansa a kasuwannin gida, na ce mata a nan ko taɓa shi kika yi ko kika ba shi abinci tara ce.

Motar kuma tana da nata rigimar. Filin kwana guda 51 ne kacal, kowanne da famfo da soket ɗin wuta, kuma sai ka kama ta intanet tun da watanni. Amma ba bututun da zaka jona ruwan datti a filin naka, sai dai ka tuƙa zuwa wurin zubarwa. Mu kuma mutanen buta ne, alwala sau biyar ga tsarki ga wanke tukunyar shinkafa, tankin da kamfanin haya ya ce zai daɗe bai je ko'ina ba ya cika, inaga lissafinsu na masu amfani da tishu ne. Dabarar da muka koma ita ce alwala a waje bakin famfo, wanka da sauran uzuri a banɗakin gandun wanda akwai ruwan zafi, na motar sai cikin dare kawai.

Nama ka saya tun daga Orlando inda akwai shagunan halal ka cika firij. Kar ka bar abinci a kan tebur da dare, dabbobin dajin basa jin kunya. Ka taho da bargo mai kauri don sanyin asuba yana ratsa ƙarfen mota sosai, sannan layin dogo na kusa, jirgi zai wuce da dare ya tashe ka. Jakunkuna kuma ka rage, akwati mai tauri ba inda zai shiga, mu da ƙyar muka samu wurin shimfiɗa sallaya a ciki sai muka riƙa yi a waje.

Kuɗin haya da mai da na fili in ka haɗa bai fi otal araha ba, kar wani ya ruɗe ka da wannan. In wanka kake so da zafi ka kama ɗaki a gari ka yi sammako kawai. In kuwa ayu ne, ka duba hasashen yanayi ka nufi daren da ya fi kowanne sanyi, washegari da safe ne zaka same su cike.