Takunkumin da na sa wa Bikili

Bikili dokin mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Da ya rasu ni na gaje shi, na kuma gaji hawansa ranar Sallah. A Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Ghana, babu wurin kafa turke, don haka muke ajiye shi a wani fili can wajen Asokore Mampong. Wanda ya san Kumasi ya san abin da ciyawa ke yi da zarar ruwan Afrilu ya sauka: mako biyu fili ya yi kore shar, ba kuma zai bushe ba sai hunturu, tunda ruwan Satumba ma yana tafe.

A zango, ƙibar doki mutuncin mai shi ce. Haka muka taso muka gani. Dusa da safe, masara da yamma, ga kanwa, ga kiwo yini guda, alhali aikinsa bai wuce hawan Sallah biyu da ɗan biki nan da can ba. Wuyansa ya yi kauri ƙarƙashin geza, ya yi tauri, kitse ya taru a gindin wutsiya. Mutane suna yabawa, ni kuma ina jin daɗi.

Wata safiya cikin Yuni na same shi tsaye ya miƙe ƙafafun gaba, ya jefa nauyinsa baya, ya ƙi juyawa. Kawu ya ce ƙusa ya taka. Muka duba, babu. Kofatan gaba biyu kuwa zafi rau. Da likitan dabbobi ya zo, ya ɗora yatsana a bayan wuyan ƙafar, sama da kofato, na ji jijiya tana bugawa da ƙarfi. Ya ce laminaitis ne. A cikin kofato akwai siraran nama masu riƙe ƙashin ƙafa da bangon kofaton. Idan doki ya yi ƙiba yana kuma cin sukari da sitaci da yawa, insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jiki, yana hawa a jininsa, naman nan ya kumbura ya saki. In abin ya yi nisa ƙashin yana karkacewa, har ya iya huda tafin kofato. Ban taɓa zaton akwai sukari a ɗanyar ciyawa ba sai ranar.

Makonni ya yi a barga kan garin katako mai kauri, ana ba shi maganin ciwo, kwanakin farko muna tsoma ƙafafun a ruwan ƙanƙara. Dusa da masara aka yanke gaba ɗaya. Likita ya ƙiyasta nauyin da ya kamace shi kilo 350, ya ce a ba shi busasshiyar ciyawa kashi 1.5 cikin ɗari na wannan nauyi, wato kilo biyar da ɗan ɗori a rana, a jiƙa ta awa guda a zubar da ruwan. Ya ja kunnena kada in bar shi da yunwa, ita ma cuta ce.

Sai da ya warware aka zo maganar takunkumi. Kamar kwando yake, na igiyar leda da gindin roba, da rami ƙarami a ƙasa inda ciyawa ke shiga kaɗan-kaɗan. Wani abokina mai hulɗa da masu dawakin folo a Accra ya samo mini. Kawu da ya gani ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ɗan nan, dokin ubanka za ka ɗaure wa baki kamar kura?" Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, ƙafarsa nake ji." Raina bai so ba ni ma, amma na riga na ga yadda ya tsaya ranar nan yana gumi don azaba.

Kurakurai na yi su. Na farko, da yamma yaron barga yakan cire takunkumin ya bar shi a filin ya ɗan more. Doki kuwa yana ramawa: abin da ya rasa da rana sai ya cinye shi cikin awa biyu, wata guda awon ƙirjinsa bai motsa ba. Yanzu daga fili sai barga, can ake cirewa. Na biyu, na ɗaure shi tsam, ga gumin Kumasi, ya goge masa haɓa har fata ta saluɓe. Ashe ana barin sararin yatsa biyu a zagaye, da ɗan tazara tsakanin leɓe da gindin robar. Na naɗe bakin takunkumin da tsumma mai laushi, kullum ana wanke shi. Tsawon ciyawa ma yana da nasa: in ta yi tsayi kwanciya take ba ta shiga ramin, in ta yi gajarta ba ya samun komai sai gurza haƙora, don haka nake ɗaga leɓensa ina dubawa. Bokitin ruwa sai da na sauya da faffaɗan baho, na tsaya na ga ya sha da idona. Ba na barin takunkumin ya wuce awa goma a bakinsa, ragamar kuma mai tsinkewa ce in ta maƙale a reshe.

Kwana uku na farko ya yi ta goga shi a jikin itace. A na huɗu na sa masa ɗan ganye ta ramin, ya gane, ya sunkuya ya kama kiwo.

Wata bakwai ke nan. In na shafa gefensa ina jin haƙarƙari, wuyan ya yi laushi, kullum kuma ana zagayawa da shi rabin awa. Akwai wani zobe da ciwon ya bari a jikin kofato, yana sauka a hankali yayin da sabo ke tsirowa daga sama. Mai gyaran kofato ya ce sai kofaton ya shekara ko kusa da haka kafin ya sabunta duka. Kowace safiya kafin in sa masa takunkumi nakan durƙusa in taɓa jijiyar nan.