Katantanwar da ta ƙi karɓar suna

A gidanmu a unguwar Nima ta Accra katantanwa iri biyu muka sani. Akwai ta dodon koɗin da maƙwabtanmu ke sayowa a kasuwa su zuba a miya, sai 'ya'yan wuri da Kaka ta adana a cikin wata tsohuwar kwalla tun muna yara. Ban taɓa zaton a kan wannan abin zan yi wata huɗu ina sunkuye ba, har sai da na shiga shekara ta uku a karatun ilimin duwatsu, aka miƙa min durowa guda cike da katantanwun teku da suka zama dutse, aka ce in rarrabe su, kowace in ba ta sunanta.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne ɗan Bawku, Hausa a bakinsa kamar Bakano, kowa Baba yake ce masa. Shi ba malami ba ne, mabuɗai ke hannunsa, amma ya fi shekara ashirin yana juya waɗannan duwatsun.

Kwana uku na gama. Na ɗauko littafin hotuna, in kalli dutse in kalli hoto, in rubuta. Duk wadda na ga doguwa mai tsini kamar kan mashi, sai in ce Turritella. Baba ya zo ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga tsininta sama, ya juyo da ita tana fuskantarsa.

"'Yata, ina bakinta?"

"Ya karye, Baba."

"To da wa kika yi maganar har ta faɗa miki sunanta?"

Ranar na koyi cewa tsawo da tsini ba shaida ba ne. Dangi daban-daban na dodon koɗin teku sun yi wannan siffar, ba tare da sun haɗa kaka na kusa ba. Bakin ne ke tona asiri. Na Turritella kusan zagayayye ne, ba kwararo a ƙasansa, su kuwa dangin Cerithium suna da ɗan gajeren kwararo inda dabbar ke zuro bututun shaƙar ruwa. Idan baki ya tafi, sai a koma ga layukan girma, waɗannan siraran zane-zanen da gefen bakin ke bari duk lokacin da dabbar ta ƙara gini. Ba a ganinsu sai an kashe fitilar sama, an haska tocila daga gefe, an kawo madubin ƙara girma dab da ido. Lanƙwasar layin ita ce siffar bakin da ya karye. Na yi sati ina wannan, wuyana kamar na mai dakon kaya a kasuwar Agbogbloshie.

Kunyar da ta fi wannan tana gaba. Akwai wasu guda shida sumul, ba ƙaya ba zane, kuma tsakanin kowane murɗi da na kusa da shi akwai ɗan rata. A raina har na fara tunanin ko sabon jinsi na gano. Baba bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Tambayata kawai ya yi, idan aka kife tuwon zafi daga kwano, zanen furannin da ke bayan kwanon yana fitowa a jikin tuwon? Ashe ba katantanwa ce a hannuna ba. Yawancinsu da wani nau'in alli mai suna aragonait suke gina ɓawonsu, shi kuma yana saurin narkewa a cikin ƙasa. Laka ta shiga ciki ta daskare, ɓawon ya narke ya tafi, aka bar malmalar. Ratar da na ɗauka alamar jinsi ce, gurbin ɓawon ne.

Wata Litinin ya zo da leda cike da ƙananan katantanwu baƙaƙe daga tafkin Sakumo, can wajen Tema, ya zazzage min a tebur. Na kasa su kashi biyu cikin minti biyar: masu ƙayoyi a gefe, masu ƙurji-ƙurji kamar tsaba a gefe. Ya ce in ci gaba da dubawa. Can sai ga wata, samanta ƙurji, ƙasanta ƙaya. Sai ga wata kuma. Duka jinsi ɗaya ne, Tympanotonos fuscatus, kamanninta ne ke sauyawa. Nan gabana ya faɗi, don wannan tana raye, ana iya zuwa a ga inda take kwana da abin da take ci. Wadda ta mutu shekaru miliyan 50 da suka wuce fa, ɓawo kaɗai ta bar mana, shi ma rabi. Tun daga ranar na daina yanke hukunci da guda ɗaya. Ina jera goma ko ashirin daga ƙarama zuwa babba, in auna tsawo da faɗi, in ƙirga murɗi, sannan in buɗe littafi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na ƙarƙashin ƙafarmu. Wani sashe na tsohon garin Accra, wanda tsofaffinmu ke ce wa Ankara, yana zaune ne a kan duwatsun yashi da na laka na zamanin Debon, tsakanin shekaru miliyan 419 zuwa 359 da suka wuce, lokacin da wannan ƙasa ke manne da Brazil. A 1963 aka wallafa bayanin halittun da aka samu a cikinsu, har da wata mai suna Plectonotus. Ita dokar ɗaga tsini sama a duba ko baki yana dama, inda na mafi yawansu yake, ba ta aiki a kanta. Ba ta da tsini. A naɗe take kamar gammo, dama da hagu daidai. Masana sun daɗe suna jayayya ko danginta dodon koɗi ne na gaskiya, domin abin da ke raba gardamar yana jikin naman, nama kuwa da wuya ya zama dutse. Cikin shaidun da suka dogara da su har da tabon da tsoka ta bari a cikin ɓawo, wanda ake gani a jikin malmalar nan da na gama rainawa.

Na goge takardun durowar nan sau uku, shi ya sa yanzu da fensir nake rubutu. Daga sunaye goma sha ɗaya na dawo huɗu. Sauran na sa musu "sp.", wato an san dangi ba a kai ga jinsi ba, wasu kuma "cf.", wato a gwada da wance, ta yi kama amma shaida ba ta cika ba. Da farko ina jin rubuta su kamar faɗuwa jarrabawa. Baba kuwa da ya karanta, a kan waɗannan ya fi gyaɗa kai.

Da aka yi hutu na sa Kaka ta sauko da kwallarta. Ina ta zuba mata ilimi, wai wuri ma dodon koɗin teku ne, a da daga tsibiran Maldibs ake kawo wani irinsa, sunan sidin da muke kashewa ma daga sunan wuri ne a harshen Akan. Tana ji, hannunta yana aiki a kan tabarma. Kafin in rufe baki ta ware su gida biyu, masu ƙulu-ƙulu a baya daban, masu zoben rawaya daban. Monetaria moneta ke nan da Monetaria annulus.

"Kaka, wa ya koya miki?"

"Ke da kika je makaranta ba ki ga ba iri ɗaya ba ne? Tattara min su, kada yaran nan su haɗiye."