Ushiri ko gwargwadon ƙarfi?

Tun ina yaro nake ganin mahaifiyata tana ware mudu ɗaya cikin kowane mudu goma na dawar da ta girbe, ta kai gaban bagade ranar godiyar kaka, shi ya sa na taso ina zaton ushiri doka ce a Cocin Katolika. Sai da na girma na karanta Katekisim na 1992, wato littafin koyarwar Cocin Katolika, inda sakin layi na 2043 ya ce kowa ya tallafa wa Coci gwargwadon ƙarfinsa, ba tare da an yanke kaso ba. Dokar Coci ta 1983, sashe na 222, ta ƙara da taimakon matalauta. A ganina wannan ya fi nauyi, domin duk ƙarshen wata ni da lamirina muke zaman lissafin albashina.