Bin Sawun Shamuwa a Taswira: Inda Na Kai a Mako Bakwai

'Yan'uwa masu koyon kallon tsuntsaye, barkanmu da war haka. Ga inda aikina ya kai tun da na fara a tsakiyar Maris, ko wani zai tsinci abin da zai rage masa hanya.

Tambaya ɗaya ce ta jefa ni cikin wannan harka. Akwai tsamiya a bayan gidanmu da shamuwa ke sheƙa a kanta tun ina yaro. Da ta sauka, tsofaffi sai su ce a gyara fartanya, ruwa ya kusa. Da kaka ta yi sai a neme ta a rasa. Ina take zuwa?

Mako na farko da na biyu

Na fara da taswirar eBird, ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka, wadda ke tara rahoton masu kallon tsuntsaye tun 2002. Shawara ta farko: ku riƙe sunan kimiyya na tsuntsun, shi ne mabuɗi. Shamuwa ita ce Ciconia abdimii. Sunan ya samo asali ne daga wani gwamnan Turkawa da ya yi mulki a arewacin Sudan.

A saman taswirar akwai wurin zaɓen watanni. Na sa Yuni zuwa Agusta, sai murabba'ai masu launin shunayya suka jeru a faɗin Sahel, daga Senegal har gaɓar Bahar Maliya. Na canza zuwa Disamba da Janairu. Sahel ta yi fayau, launin ya koma Tanzaniya, Zambiya, Zimbabwe, Botswana har Afirka ta Kudu. Na daɗe ina juya watannin nan gaba da baya. Ashe shamuwa ba ta san rani ba. Lokacin da muke fama da hunturu da hazo, can kudu damina ce, fāra da tsutsa sun fito, ita kuwa abincinta ke nan. Damina biyu take ci a shekara, tamu da tasu, amma a wajenmu kaɗai take yin ƙwai.

Mako na uku

Nan na koma Movebank, rumbun da Cibiyar Max Planck ta Jamus ke kula da shi. Bambancinsa da eBird babba ne. eBird na nuna inda mutane suka ga tsuntsu. Movebank kuwa na nuna tafiyar tsuntsu guda da aka ɗaura wa ƙaramar na'urar bin sawu a baya. Shafin yana da nauyi a waya kuma yana cin data, don haka na mai da shi aikin dare, lokacin da sabis ya fi kyau.

Na bi 'yar'uwar shamuwarmu, farar shamuwa ta Turai, wato Ciconia ciconia. Layukan tafiyarta sun rabu gida biyu kamar an tsaga su da wuƙa. Wasu na bi ta Sifen su tsallaka mashigin Jibralta, inda faɗin ruwan bai wuce kilomita 14 ba, su gangaro Sahel ta yamma. Wasu na bi ta Turkiyya, su ratsa Gabas ta Tsakiya, su bi Kogin Nilu zuwa Sudan da Chadi, wasunsu har ƙarshen kudancin Afirka. Tsakiyar Bahar Rum kusan babu layi. Dalilin kuwa duk mun sha ganinsa da rana tsaka: yadda shirwa da ungulu ke kewaya sama ba tare da kaɗa fiffike ba. Iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ce ke ɗaga su, su yi sama sosai sannan su zame gaba zuwa ta gaba. Irin wannan iska ba ta tashi a kan teku, shi ya sa babban tsuntsu ke zagaye ta inda ruwa ya fi ƙunci. Na kuma ga wasu layukan sun tsaya cak a Sifen. Waɗannan sun daina tsallakowa Afirka, sun samu abinci a manyan juji.

Wannan tsuntsun ne ma ya fara buɗe wa Turawa ido kan inda tsuntsayensu ke ƙaura. A 1822 aka harbo ɗaya a arewacin Jamus da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock.

Mako na huɗu

Na leƙa taswirar ƙaurar tsuntsayen Turai, Asiya da Afirka da aka ƙaddamar a 2022, mai ɗauke da nau'i 300. Tushenta zoben ƙarfe ne da ake sa wa tsuntsu a ƙafa, dabarar da wani malamin makaranta ɗan Denmark, Mortensen, ya fara a 1899. A kula da abu ɗaya: layin da ke haɗa inda aka sa zobe da inda aka tsince shi miƙaƙƙe ne, amma ba hanyar da tsuntsun ya bi ba ce. Farko da ƙarshe kawai yake nunawa.

Mako na biyar da na shida

Nan ne abin ya taɓa ni sosai. Na koma eBird na matso da taswirar kan yankinmu, tsakanin Hadeja, Gumel da iyakar Nijar. A wurare da yawa babu launi ko kaɗan. Da farko na ɗauka ana nufin babu shamuwa a nan, alhali ina ganin tsohuwar sheƙarta ta taga. Sai na karanta bayanin launukan da kyau. Murabba'i mai ruwan toka na nufin an je an duba ba a gan ta ba. Wurin da babu launi kuwa, babu wanda ya aiko da rahoto. Dausayin Hadeja da Nguru ya samu masu zuwa, musamman wajen Dagona inda agwagin Turai ke sauka da sanyi. Ƙauyukan da shamuwa ke haihuwa a tsakar gidajensu kuwa shiru. Taswirar ba tsuntsaye kaɗai take nunawa ba, tana nuna inda masu rubutawa suke. Manomin garinmu ya san ranar saukar shamuwa fiye da kowace na'ura, amma saninsa bai shiga taswira ba.

Da na bincika sai na tarar akwai masu cike wannan giɓi. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ke jagoranta, ya raba ƙasar zuwa murabba'ai masu faɗin kusan kilomita 9. Mutum ya zaɓi ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, ta manhajar BirdLasser. Na gwada a murabba'in garinmu. Na rubuta balbela, kurciya, hasbiya, hankaka, shirwa, carki a bayan shanu. Waɗanda ban tabbatar da su ba na bar su, domin rahoton ƙarya ya fi rashin rahoto illa.

Mako na bakwai

Ranar Talata da hantsi yaran gida suka shigo da gudu. Guda huɗu ne a kan tsamiyar, baƙin baya, farin ciki, fatar fuskar ta yi shuɗi kamar yadda take yi lokacin haihuwa. Ɗaya na riƙe da kara a baki. Na rubuta rana, lokaci da adadi, na tura. Da na buɗe taswirar daga baya na matso sosai, sai ga jar alama a kan unguwarmu, alamar gani na kwanan nan.

Abin da na sa a gaba yanzu: ƙirga sheƙa nawa za su yi a unguwanni uku, rubuta ranar da 'ya'yan za su fara tashi, da ranar da ta ƙarshe za ta bar tsamiya. Waɗanda ke Damagaram, Maraɗi, Daura da Gashuwa, don Allah ku rubuta ranar da ta sauka a wajenku, mu jera ranakun mu ga ko daga kudu zuwa arewa take hawa tare da ruwan farko.