Rashidi Yekini, ɗan Kaduna da raga ta san shi

Duk lokacin da aka zo gardamar wane ne gwanin 'yan wasan gaba a Najeriya, ni bakina ɗaya ne: Rashidi Yekini. A Kaduna aka haife shi a 1963, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara buga ƙwallo kafin ya koma Shooting Stars ta Ibadan, ya wuce Africa Sports ta Abijan, sannan Vitória de Setúbal a Fotugal.

Abin da ke burge ni da shi, ba ya wasa da dama. Ƙato ne, ga ƙirji ga gudu. In ya sa kafaɗa ya tare mai tsaron baya, to sai dai a bi shi da kallo. Ba ruwansa da yawan yanka. Ya juyo, ya sheƙa, shi ke nan. A kakar 1993/94 ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Fotugal da 21, a ƙungiyar da ba ta cikin manya, kuma wannan ya fi komai girma a wurina.

A 1993 ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka, ɗan Najeriya na farko. A 1994 ya ci 5 a Tunisiya muka ɗauko kofin nahiyar Afirka, sannan a gasar duniya a Dallas ta Amurka abokin wasansa Finidi George ya miƙo masa, ya tura a ragar Bulgeriya, ya riƙe ragar yana ihu. Ƙwallonmu ta farko ke nan a gasar duniya.

Ya ci wa ƙasarsa 37. Ya rasu a Ibadan a watan Mayun 2012, yana zaman kaɗaici, kuma har yau abin na ci mini rai. Allah ya jiƙansa.